Sanarwar Da Ke Gudu A Saman Shafi Ba Ta Isa Ga Mai Waya

Duk wanda ya taɓa shiga shafin intanet na makaranta, ko na ƙungiya, ko na wani shagon sayar da kaya da wayarsa, ya san wannan layin. Siriri ne, yana can sama ƙarƙashin tambari, yawanci jan rubutu a kan ruwan ɗorawa, yana shigowa daga dama yana ɓacewa ta hagu. A cikinsa ake zuba duk abin da mai shafin yake ganin ya fi komai muhimmanci: ranar rufe rajista, lambar asusun da za a biya kuɗi, sabon adireshin ofis, gargaɗi a kan 'yan damfara. Mai karatu kuwa sai ya tsaya ya zuba ido, yana jiran jimla ta iso masa kalma bayan kalma, kamar mai jiran jirgin ƙasa ya gama wucewa kafin ya tsallaka.

Ya kamata wannan al'ada ta kau daga shafukan da ake yi wa masu waya. Dalili ɗaya ya isa: tana ɗaukar saƙon da ya fi muhimmanci a shafi ta mayar da shi wanda ya fi wuyar karantawa.

Sauƙin abin ne ya sa ya yaɗu. Mai shafi a Blogger zai shiga Layout, ya danna Add a Gadget, ya zaɓi HTML/JavaScript, ya liƙa layi ɗaya:

<marquee>Za a rufe rajista ranar Juma'a</marquee>

Ya adana, shi ke nan, rubutu ya kama hanya. A WordPress ma haka abin yake, da akwatin Custom HTML. In yana son ya canja alƙibla sai ya ƙara direction, in yana son gudu sai ya ɗaga scrollamount, in kuma ya sa behavior="alternate" rubutun zai riƙa kai-komo tsakanin bango da bango kamar ƙwallon yara. Duk aikin bai kai minti biyu ba.

Ga matashin da ke koyon haɗa shafi da kansa, daga bidiyon YouTube da ragowar datar dare, sau da yawa wannan ne karon farko da zai rubuta wani abu ya ga ya motsa a gabansa. Akwai daɗi a cikin hakan, kuma babu wanda ya isa ya raina shi. Da yawa daga masu rubuta manhaja ta nan suka fara ɗanɗana aikin. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauko abin gwajin ɗalibi aka ɗora masa sanarwar da kuɗin mutane ko karatunsu ya rataya a kanta.

Daga ina ya fito

Kamfanin Microsoft ne ya shigo da marquee a burauzarsa ta Internet Explorer 2 a shekarar 1995, lokacin da yake gasa da Netscape. Ita Netscape tana da nata abin burgewar, wato blink, mai sa rubutu ƙyaftawa. A wancan zamani shafin intanet kamar takarda yake, babu bidiyo, hoto ɗaya ma sai an yi haƙuri kafin ya buɗe, saboda haka duk abin da ya motsa ya zama abin kallo. Manhajar haɗa shafi ta FrontPage ta ƙara sauƙaƙa shi, ta sa shi cikin jerin abubuwan da mutum zai saka da dannawa kawai ba tare da ya rubuta komai ba.

Tun a lokacin aka fara kuka da shi. A 1996 masanin amfani da shafuka Jakob Nielsen ya fitar da jerin manyan kura-kurai goma na tsara shafin intanet, kuma rubutu mai tafiya da hotuna masu motsi babu tsayawa suna ciki. Blink ya mutu, Firefox ta cire shi a siga ta 23 a shekarar 2013. Marquee kuwa ya ƙi mutuwa. Ƙa'idar HTML ta yanzu ta sa shi cikin abubuwan da aka daina yayi, ta ce masu haɗa shafi kada su yi amfani da shi, amma burauzoji suna ci gaba da nuna shi don kada tsofaffin shafuka su lalace. Wato alfarma aka yi wa tsofaffin gidaje, sai masu sabon gini suka ɗauka izini aka ba su.

Abin da ya canja tun daga 1995 shi ne allon da ake kallo. An ƙirƙiri abin ne don fuskar kwamfutar tebur. Yau mai shiga shafin makaranta a Kano ko Maraɗi kusan kullum da waya yake shiga, kuma a yawancin wayoyin Android faɗin da burauza ke aiki da shi bai wuce fiksel 360 zuwa 412 ba.

A yi lissafi. In ba a taɓa saitinsa ba, marquee yana matsawa fiksel 6 a duk kashi 85 cikin dubu na sakan, wato kusan fiksel 70 a sakan ɗaya. A ɗauki sanarwa mai haruffa 200, wadda ba ta wuce jimla biyu ko uku ba. A girman rubutu na yau da kullum kowane harafi yana cin kusan fiksel 8, tsawonta ya zama fiksel 1,600. A ƙara faɗin wayar, 360, domin sai wutsiyar ta fice kafin a sake zagayowa. An sami 1,960. In aka raba da 70, zagaye ɗaya yana cin sakan 28. Wannan sanarwar da a tsaye take, layi biyar ce a fuskar waya, mai karatu zai share ta a ƙasa da rabin wannan lokaci, kuma idonsa zai fara sauka ne a kan kwanan wata ko lamba, abin da ya zo nema.

Sakan 28 ɗin ma ga wanda ya kama jimlar daga farko ne. Wanda hankalinsa ya kai wurin bayan ta yi nisa, ko wanda aka yi wa magana ya ɗaga kai, sai ya jira ta ƙare ta sake farawa. Ya tashi da kusan minti guda a kan abin da bai kai saƙon tes biyu ba. Kuma yawancin masu shafi ba sanarwa ɗaya suke sakawa ba. Su kan jera huɗu ko biyar a layi guda, a raba su da taurari. Ta biyar ɗin, wadda wataƙila ita ce sabuwa, sai bayan minti ɗaya da rabi za ta leƙo. Babu mai jiran ta.

Lambobi sun fi shan wahala. Lambar asusun banki a Najeriya guda 10 ce, lambar waya 11. A wancan gudun, kowane harafi sakan biyar kacal yake yi a fuskar waya daga shigowarsa zuwa ficewarsa, lambar asusu gaba ɗayanta kuwa ba ta wuce sakan huɗu a bayyane. A cikin sakan huɗun nan ake so uba mai biyan kuɗin makarantar 'yarsa ya haddace lamba goma, ya koma manhajar banki, ya rubuta ba kuskure. Zai kama shida, ya jira rabin minti, ya kama huɗu, ya sake jira don ya tabbatar. In ya danna ya riƙe don ya kwafa, abin da yake son kamawa ya riga ya matsa daga ƙarƙashin yatsansa. In mahaɗi aka saka a ciki, irin “danna nan don duba sunanka”, to an ba shi aikin harbin tsuntsu a sama.

Sai kuma sikirinshot, wanda masu tsara shafi kan manta da shi alhali shi ne hanyar da labari ya fi yawo. Mutum ɗaya ne ke shiga shafi, ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, ya jefa a guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji ko na iyayen yara, mutum ɗari su gani. Sanarwa a tsaye tana shiga hoto ɗaya cif. Mai tafiya kuwa gutsure kawai ake samu: “…rufe rajista ranar Juma'a 1…” Ɗaya ga wata? Sha biyu? Sha tara? Daga nan musu ya tashi a guruf, wani ya cike gurbin da abin da ya ji a gari, kuma wanda ya yarda da shi zai iya zuwa bayan an rufe. Mai shafi zai ce ai ya sanar, kuma da gaskiyarsa. Ya rubuta, amma saƙon bai isa ba.

Hujjar talabijin

Mai kare rubutu mai tafiya yakan ce: ai manyan gidajen talabijin ma suna yi. Haka ne. Layin labarai da ke gudu a ƙasan allo ya zama abin kullum a tashoshin labarai na Amurka tun ranar 11 ga Satumba 2001, da labarai suka yi yawa har allo ɗaya ya kasa ɗauka, daga nan sauran tashoshin duniya suka bi. Kafin wannan ma, tun 1928 jaridar New York Times ta kewaye gininta da allon ƙwayayen lantarki mai nuna kanun labarai suna tafiya, mutane na tsaye a titi suna karantawa.

Amma a duba halin da mai kallon yake ciki. Wanda ke gaban talabijin ba shi da ikon matsar da komai. Allon ba ya sauka ƙasa, ba ya buɗe wani shafi, saboda haka dole rubutun ne zai zo masa. Haka mai tsaye a titi. Mai waya kuwa babban yatsansa ne direba. Yana ja sama, yana ja ƙasa, yana tsayawa inda ya ga dama, yana komawa ya sake duba abin da bai gane ba. Shafin intanet ba shi da ƙarancin fili, tsawonsa ba ya ƙarewa. Wanda ya kawo dabarar talabijin cikin waya ya karɓe sitiyari ne daga hannun mai karatu don ya magance matsalar da babu ita.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: motsi yana jan ido. Wannan gaskiya ne, haka aka halicci idon ɗan Adam, yana saurin kama abin da ke motsi a gefe. Sai dai shekarun da mutane suka yi suna yawo a intanet sun koya musu wani abu dabam, cewa abin da ke motsi a saman shafi da launi mai ƙyalli talla ne. Tun 1998 masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka, Jan Benway da David Lane, suka nuna cewa mutane kan tsallake abin da ya yi kama da allon talla ko da a cikinsa amsar da suke nema take. Matashin da ke shiga shafukan ƙwallo da na sauke waƙa, inda tallan caca ke tsalle ta ko'ina, idonsa ya ƙware wajen kauce wa irin wannan. Sanarwar makaranta da ta sa rigar talla za ta sha irin wulaƙancin da talla ke sha.

Ga wanda idon nasa bai iya kaucewa ba kuma, sai abin ya juye ya zama fitina. Yana ƙoƙarin karanta sharuɗɗan cike fom a ƙasa, wani abu na ta wucewa a gefen idonsa babu tsayawa. Akwai masu wahalar tattara hankali, akwai waɗanda motsi a allo ke sa wa jiri, akwai masu raunin gani da ke ƙara girman rubutu har kalma uku ta cika faɗin waya. Saboda irin waɗannan ne ƙa'idojin WCAG 2.0, waɗanda hukumar W3C ta fitar a 2008 don shafuka su zama masu amfani ga kowa, suka tanadi sharaɗi mai lamba 2.2.2: duk abin da ke motsi ko tafiya, wanda ya fara da kansa, ya wuce sakan biyar, kuma yana tare da wasu bayanai a shafin, dole a ba mai karatu hanyar dakatar da shi ko tsayar da shi ko ɓoye shi. Sharaɗin yana cikin mataki na farko, mafi ƙanƙanta da ake tsammani daga kowane shafi. Layin nan guda da ake liƙawa a Blogger ya saɓa masa tun daga sakan na shida.

Ba sai mutum yana da lalura ba ma. Kowa da saurin karatunsa. Ɗalibin jami'a zai ga layin yana jan ƙafa, mahaifiyarsa da ta yi yaƙi da jahilci za ta ga yana gudun famfalaƙi, musamman in da Turanci aka rubuta. Gudu ɗaya mai shafi zai zaɓa, kuma yawanci gudun idonsa yake zaɓa, shi da ya riga ya san abin da ke rubuce.

Rubutun Hausa yana da nasa ƙarin dalilin. Bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ, 'yar lanƙwasa ce a saman harafi. Da ita ake raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, dari da ɗari. A ƙaramin allo, in rubutun yana tsaye, ido yana da damar komawa ya duba. In yana tafiya, lanƙwasar ce farkon abin da ke ɓacewa, balle in salon rubutun da aka zaɓa ba shi da haruffan, waya ta aro su daga wani salon suka fito a karkace. Shafukan makarantun Islamiyya kuma sukan faɗa wani ramin. Marquee daga dama yake shigowa ya nufi hagu, abin da ya dace da boko. Larabci da ajami daga dama ake fara karanta su, don haka in ba a juya alƙiblar da direction="right" ba, ƙarshen jimla ne zai fara bayyana, farkonta ya zo daga baya. Mai shafin da ya kwafo layin daga wani wuri sau da yawa bai san akwai wannan saitin ba.

“To a yi shi da CSS”

Wannan ita ce amsar da matashin da ya ɗan yi nisa a koyo yakan bayar. Ya ji an ce marquee tsohon yayi ne, sai ya nemo sabuwar hanya: a rubuta @keyframes, a matsar da rubutun da transform, a sa shi ya riƙa maimaituwa har abada. Ta fuskar fasaha ya fi tsabta, kuma tafiyar ta fi santsi. Ta fuskar mai karatu babu abin da ya canja. Sakan 28 na nan, lambar asusu na nan tana gudu. An canja wa jaki sirdi ne kawai.

Har ma sabuwar hanyar tana zuwa da nata tarkon. Kod ɗin da ya fi yawo a intanet yana hana rubutun karyewa zuwa layi na biyu, yana ɓoye duk abin da ya wuce gefen akwati, sannan yana tura rubutun can bayan allo da padding-left: 100% don ya shigo daga waje. Muddin motsin yana aiki, lafiya lau. Ranar da bai yi aiki ba, rubutun zai zauna a bayan allo, mai karatu ya ga akwatin ruwan ɗorawa fayau babu komai a ciki. Kuma akwai inda ba ya aiki. Opera Mini, wadda mutane da yawa ke riƙe da ita saboda tsimin data, in tana kan yanayin tsimi mafi tsanani, a kwamfutocin kamfanin ake sarrafa shafin a matse shi kafin a turo wa waya, kuma irin wannan motsin ba ya biyo shi. Wato mai ƙaramar waya da ƙaramar data, wanda ya fi kowa buƙatar kada ya yi asarar kuɗin mota zuwa ofishin da aka rufe, shi ne zai iya rasa sanarwar ɗungurungum.

Akwai kuma dabarar tsayar da rubutu in an ɗora linzamin kwamfuta a kansa, da :hover ko da this.stop(). Mai haɗa shafin ya gwada a laftof ɗinsa, ya ga ya tsaya, ya ce ya cika sharaɗi. Waya ba ta da linzami. A wasu burauzojin taɓawa kan tsayar da shi, amma babu wata alama da ke gaya wa mai karatu haka, kuma abin da ba a san da shi ba daidai yake da babu. Masu son tafiyar ta zama babu yankewa kuma sukan rubuta jimlar sau biyu a jere. In ba a ɓoye ta biyun da aria-hidden ba, makaho mai amfani da TalkBack zai ji wayarsa ta karanta masa sanarwa ɗaya sau biyu.

Wanda bai iya CSS ba sai ya nufi fulogin, ko ya kwafo kod daga shafin da ya fara fito masa a Google. Wasu daga ciki sai sun jawo jQuery, wanda shi kaɗai ya haura KB 80 kafin a matse shi, duk don layi ɗaya ya motsa. Wannan ma mai sauƙi ne. Duk kod ɗin da ke ɗauke da script mai janyo fayil daga wani adireshin da mai shafi bai sani ba, ƙofa ce aka buɗe wa baƙo. Mai wancan adireshin zai iya canja abin da ke cikin fayil ɗin gobe, ya cusa talla, ko ya riƙa karkatar da masu shigowa zuwa wani wuri. A shafin da ake sanar da lambar asusun biyan kuɗi, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ba kowane rubutu mai tafiya ne laifi ba. Manhajar sauraron waƙa takan tafiyar da sunan waƙa in ya fi akwatinsa tsawo, Android ma ta tanadar wa masu manhaja wannan, kuma babu wanda ya cutu, domin filin da gaske ƙarami ne kuma ba a biyan kuɗi da sunan waƙa. Shafukan kamfanonin zamani sukan sa taken kamfani da manyan haruffa yana tafiya a hankali, ko tambarin abokan hulɗarsu. Ado ne, kuma an san ado ne. Tambayar da za ta raba gardama ita ce: in mai karatu bai ga wannan rubutun ba sam, zai yi asarar wani abu? In ba zai yi ba, mai shafi na iya tafiyar da shi in yana so, da sharaɗin ya sa maɓallin tsayarwa da yatsa zai iya samu, kuma ya girmama saitin rage motsi. Android tana da Remove animations a sashen Accessibility, iPhone tana da Reduce Motion, kuma shafi na iya gane wanda ya kunna su ta hanyar prefers-reduced-motion, ya tsayar masa da rubutun a inda zai gan shi. In kuwa zai yi asara, ko ta kuɗi, ko ta gurbin karatu, ko ta tafiyar banza, to rubutun ya tsaya cak.

Abin da zai maye gurbinsa bai fi shi wuya ba, a akwatin nan dai na HTML/JavaScript ko Custom HTML ake yin sa. Sakin layi ne na yau da kullum, a ba shi launin baya mai haske da baƙin rubutu, a bar shi ya karye zuwa layi biyu ko uku yadda faɗin waya ya ba da dama. A fara da abin da mutum ya zo nema: rana, wata, shekara, ƙarfe nawa. “Ranar Juma'a” kaɗai ba ta isa ba, domin kowane mako da Juma'arsa. Lambar asusu ta zauna a layinta ita kaɗai, da sunan banki da sunan asusun, yadda za a iya dannawa a kwafa. In bayanin yana da tsawo, jimla ɗaya ta isa a sama, sai mahaɗi zuwa cikakken shafi. In sanarwa biyar ce, a jera su ƙasa da juna, sabuwa a sama, kowace da ranar da aka saka ta.

Ranar sakawar nan tana da amfani fiye da yadda ake zato. Rubutu mai tafiya yana da wata ɗabi'a: yana sa tsohon labari ya yi kama da sabo. Motsin yana cewa “yanzu-yanzu”, ko da an shekara biyu ba a taɓa shafin ba. Shafuka nawa ne har yau suke yi wa mutane barka da shiga shekarar da ta daɗe da wucewa, ko suke cewa an fara sayar da fom ɗin da aka rufe tuntuni? Shi ma mai shafin idonsa ya saba da layin, ya daina ganinsa. Sanarwa a tsaye mai kwanan wata ko ta tsufa ba ta yaudarar kowa.

Saura mai ba da aiki. Yawancin matasan da ke haɗa wa mutane shafi sun san yadda ake yi: an gama aiki tsaf, sai shugaban makaranta ko Alhaji mai shago ya duba ya ce, “Malam, shafin nan kamar ba rai. A sa masa irin rubutun nan mai tafiya.” Ga shi shi ne mai biya, ga ragowar kuɗin aiki a hannunsa, kuma ambaton W3C ba zai motsa shi ba. Abin da yake so a zahiri shi ne a ga sanarwarsa, kuma ya ji cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Musu ba zai yi amfani ba, gani ya kori ji. A haɗa masa shafin kala biyu, ɗaya da layi mai tafiya, ɗaya da akwati a tsaye, duka da lambar asusu iri ɗaya. A buɗe su a wayarsa, ba a laftof ba. A miƙa masa biro da takarda, a ce, “Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuto lambar nan daga na farko, sannan daga na biyu.” In da hali a kira maigadi ko wani dattijo daga cikin iyayen yara shi ma ya gwada, a duba agogo, a kuma duba ko lambar da aka rubuta ta fito daidai.